Kakanku Ya Yi Aikin Jirgin Ruwa Lokacin Yaƙin Duniya? Tambayoyi da Amsoshi Kan Bin Sawunsa

Gidaje da dama suna da labarin wani dattijo da aka ce ya shiga teku lokacin yaƙin Hitila. Wani ya dawo da akwatin ƙarfe da 'yan kalmomin Turanci a bakinsa, wani ya zauna can Ingila, wani kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yawancin amsoshin da ke ƙasa sun shafi jiragen Birtaniya ne, domin su ne suka riƙe zirga-zirga tsakanin Afirka ta Yamma da Turai a yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945, kuma takardunsu na nan a ajiye.

Daga ina zan fara?

Daga gida, kuma tun yanzu. Takardun da ke Landan sun shekara tamanin a ajiye, za su iya ƙara jira. Tsohuwar da ta san labarin ita ce ba ta da wannan lokacin. Ka zauna da duk wanda ya rayu da shi: 'ya'yansa, ƙannensa, matarsa idan tana raye, har da maƙwabcin da suke hira da shi a ƙofar gida. Ka nemi izini ka ɗauki muryarsu a waya, ka bar su su yi ta zuba, kada ka riƙa katse su da gyara.

Kada ka matsa wa tsoho da tambayar shekara, ba da ita suke lissafi ba. Tambaye shi ko kafin a haifi wane ne ko bayan haihuwarsa, zamanin wane sarki ne, da damina ya tafi ko da rani. Sannan ka kasa kunne ga abu huɗu: sunan jirgi, sunan tashar da ya hau, irin aikin da yake yi a ciki, da sunan da Turawa suke kiransa da shi. Ko sunan ya fito a karkace, ka rubuta shi yadda aka faɗa.

Bayan haka sai akwati. A duba ƙasan adaka, cikin gafaka, bayan tsoffin hotuna. Duk takardar da aka samu a ɗauki hotonta gaba da baya. Kada a manne ta da roba mai zafi, kada a liƙa mata salatif, dukansu suna cinye tawada.

An ce "ya yi yaƙi a ruwa". Sojan ruwa ne ke nan?

Ba lallai ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata shekaru suna neman abu a inda ba ya nan. Maganar tana iya nufin ɗayan mutum huɗu.

Akwai ma'aikacin jirgin kasuwanci. Shi ba soja ba ne, farar hula ne da ya sa hannu a yarjejeniya da kamfani, amma shi jiragen Jamus masu nutso suka fi farauta. Birtaniya ta rasa fiye da mutum 30,000 daga cikin irin waɗannan ma'aikata a Yaƙin Duniya na Biyu. Takardunsu daga tsohuwar hukumar ciniki da sufuri ta Birtaniya suka fito.

Akwai sojan ruwa na ainihi, mai kaki da lamba, wanda takardunsa ke bin hanyar Ma'aikatar Tsaron Birtaniya. A tsakanin waɗannan biyun akwai ma'aikatan kasuwanci da aka ɗauka aiki a jiragen da rundunar ruwa ta karɓe, a kan yarjejeniya mai lamba T124. Idan ka ga wannan lambar a takarda, to ka nemi bayaninsa a ɓangaren soja.

Na uku shi ne ma'aikacin sashen jiragen ruwa na gwamnatin mulkin mallaka, masu aikin tashoshi da kogunan Kwara da Binuwai. Rundunar sojan ruwan Najeriya ba a kafa ta ba sai 1956, saboda haka wanda ya yi aikin ruwa na gwamnati kafin nan a wannan sashen yake, kuma neman fayil ɗinsa a gida ya kamata a fara, a gidajen adana takardun tarihi na ƙasa da ke Ibadan, Kaduna da Inugu.

Na huɗu shi ne sojan ƙasa da aka loda a jirgi aka kai shi fagen fama. A gidajen Hausawa, wannan ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Mu 'yan Arewa ne. Me ya haɗa mu da teku?

Gaskiya ce cewa mafi yawan 'yan Afirka ta Yamma da suka yi aiki a jiragen Liverpool mutanen gaɓar teku ne: Kuru na Laberiya da Saliyo, da mutanen kudancin Najeriya da na ƙasar da ake kira Gana a yau. Amma Bahaushe ya daɗe a Ikko da Akara da Sekondi, kuma sashen jiragen ruwa na Arewa a Lakwaja yake da hedikwata tun farkon zuwan Turawa.

Kayan da jiragen ke ɗauka ma namu ne: gyaɗar Kano, auduga, fatu, da kuzar Jos wadda buƙatarta ta ƙaru bayan Japan ta kama Malaya a 1942. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tun 1940 ake sauke jiragen sama na yaƙi a Takoradi ta Gana cikin akwatuna, a haɗa su a can, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan zuwa Masar. Duk wanda ya yi lebura a tasha ko ya yi dakon waɗannan kaya yana iya gaya wa jikokinsa cewa ya yi aikin jirgi lokacin yaƙi, kuma bai yi ƙarya ba.

Mun sami wani ɗan littafi mai tambura da yawa. Mene ne shi?

Idan kowane layi yana ɗauke da sunan jirgi da kwanan wata biyu, to littafin sallama ne, kuma kun tsinci dami a kala. Kowane ma'aikaci mai rajista yana da nasa, yana miƙa shi idan ya hau jirgi, a mayar masa idan tafiya ta ƙare. A shafin farko akwai suna, shekarar haihuwa, garin haihuwa, tsawo, tabo ko zane a jiki, sau da yawa da hoto. Ga mai tsagar gado a fuska, wannan layin kaɗai yana iya raba gardama.

Lambar da ke saman littafin ita ce lambar sallamarsa, wadda ba ta canzawa ko ya canza jirgi sau ashirin. Ka kwafe ta da kyau.

A cikin shafukan za ka ga sunan jirgi da lambarsa, ranar hawa da tashar, ranar sauka da tashar, sai matsayinsa. Fireman shi ne fayaman, mai zuba kwal a wutar tukunyar jirgi. Trimmer shi ne mai turo masa kwal ɗin a baro daga rumbu, kuma aikinsa na cikin waɗanda suka fi wahala da ƙarancin albashi a cikin jirgi. Greaser mai shafa wa inji mai ne. A waɗannan ayyuka na can ƙasan jirgi aka fi zuba baƙaƙen fata, wurin da ya fi zafi, kuma wurin da ya fi wuyar kuɓuta idan nakiya ta sami jirgi. Harafin VG da ake bugawa a ƙarshen layi shaida ce cewa aikinsa da halinsa sun yi kyau.

Me ya sa ake cewa sunan jirgi ya fi sunan mutum amfani?

Saboda takardun jirgi suke bi, ba mutum ba. Jerin ma'aikata, littafin abin da ya faru a tafiya, katin zirga-zirga, rahoton nutsewa, duk da sunan jirgi ko lambarsa aka jera su.

Sunan mutum kuwa akawun da ya rubuta shi ya rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Muhammadu ya koma Momo ko Mama, Ibrahim ya koma Brimah, Garba ya zama Garuba, Abdullahi ya zama Abdulai. Sau da yawa sunan gari ake liƙa wa mutum a matsayin sunan mahaifi, sai ka iske mutum goma suna amsa suna ɗaya. Wasu kuma da kansu suka ɗauki sunan Turawa don samun aiki, ko suka hau da littafin wani. Shekarar haihuwa ma ƙiyasi ce kawai. Don haka ka rubuta duk yadda za a iya karkata sunan, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Jirgi ma yana da tarkonsa: kamfani yakan maimaita suna. Kamfanin Elder Dempster na Liverpool, wanda ya mamaye hanyar Afirka ta Yamma, ya yi jirage fiye da ɗaya masu suna Apapa, haka Accra, haka Abosso. Abin da ke bambanta su shi ne lambar rajistar jirgi, wadda ba a ba wani jirgin ita. Akwai shafin intanet na kyauta mai suna CLIP da ake sa sunan jirgi ya fito da lambarsa.

Waɗanne takardu ne ke Landan, kuma me ke cikinsu?

Babban gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya yana unguwar Kew, kuma kundin bincikensa yana intanet kyauta. Kowane rukunin takardu yana da harafi da lamba. Ga waɗanda suka shafi Yaƙin Duniya na Biyu:

BT 382 shi ne rajistar ma'aikata daga 1941 zuwa 1972. A cikinsa akwai fom mai suna CRS 10 wanda ya jera jiragen da mutum ya yi aiki a ciki da kwanakinsu. Idan littafin sallama ya ɓata, wannan ne madadinsa. Ba a sa shi a intanet ba, sai an je ko an nemi kwafi.

BT 372 ambulan ne da aka tara wa kowane mutum 'yan takardunsa, wani lokaci da hoto da zanen yatsa. Ana iya neman sa da suna a kundin, kuma sakamakon yakan nuna garin haihuwa, don haka haɗa suna da Lagos ko Freetown yana rage yawan tarkace. Ba na kowa ne ya tsira ba.

BT 381 jerin ma'aikatan jirage ne da littattafan tafiya daga 1939 zuwa 1946, an jera su da lambar jirgi. A ganina wannan ya fi kowanne daɗin karatu. A nan ake ganin albashin mutum, da adireshin da ya bayar, da jirgin da ya baro, da sa hannunsa ko ɗan gicciyen da ya zana a madadinsa. Kyaftin yakan rubuta wanda ya yi rashin lafiya, wanda aka ci tara, wanda ya gudu a wata tasha, da wanda ya rasu aka sa shi a ruwa.

BT 389 katunan zirga-zirgar jirage ne: ranar tashi, ranar isa, wani lokaci da irin kayan da aka ɗauka. Babu sunan mutum ko ɗaya a ciki, amma idan ka haɗa shi da kwanakin littafin sallama sai tafiyar ta fito tasha bayan tasha.

BT 395 kuwa jerin waɗanda aka ba lambobin yabo ne.

Akwai dalilin da ya sa 1941 ta zama kan iyaka. Kafin watan Mayun shekarar, ma'aikaci ɗan tafiya ɗaya ne, kuma ranar da jirginsa ya nutse ranar albashinsa yake tsayawa, ko da yana cikin kwale-kwalen ceto a tsakiyar teku. Dokar da aka yi a watan ce ta sa aka riƙe ma'aikata a tsari ɗaya ana biyansu tsakanin tafiya da tafiya, daga nan ne rajistar ta zama mai bin mutum ba yankewa.

Na nema ko'ina ban ga sunansa ba. Ƙarya aka yi mana?

Kada ka yi saurin yanke wa dattijo hukunci. Rajistar Birtaniya ta fi kama wanda ya hau jirgi a tashoshin Birtaniya. Wanda aka ɗauka a Legas ko Freetown, babban birnin Saliyo, sau da yawa a kan wasu sharuɗɗa dabam aka ɗauke shi, da albashi ƙasa da na abokin aikinsa da ya hau a Liverpool, bambancin da ya jawo yajin aiki a farkon yaƙin. Akwai kuma ayarin leburori da jirgi ke ɗauka a Freetown su yi ta lodi da sauke kaya a tashoshin gaɓar, a ajiye su a hanyar dawowa. Irin waɗannan da wuya a same su a rajista.

Abin yi shi ne a koma ta jirgi. A buɗe jerin ma'aikatansa na shekarar, a bi layi-layi ana duba garin haihuwa da shekaru, ba suna kaɗai ba. Takardun kamfanin Elder Dempster suna gidan tarihin jiragen ruwa na Liverpool. Idan kuma jirgin ya taɓa zuwa Amurka, hukumar shige da fice ta can ta karɓi jerin duk ma'aikatansa, kuma da yawan waɗannan jerin suna shafin FamilySearch, wanda ba a biyan kuɗi.

Bai dawo ba. Ina za a ga sunansa?

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, tana da kundin suna kyauta a intanet. Ma'aikatan jiragen kasuwanci da teku ta zama kabarinsu an rubuta su a allunan tagulla a Tower Hill da ke Landan: kusan 12,000 na yaƙin farko, kusan 24,000 na na biyu. A nan ma jirgi aka bi. Sunan jirgi ne a sama, sai kyaftin, sai sauran mutanensa. Waɗanda suka rasu a kan yarjejeniyar T124 suna wani dutsen tunawa dabam a bakin ruwan Liverpool. Waɗanda aka samu gawarsu a wannan yanki kuwa suna maƙabartu irin su King Tom a Freetown da Yaba a Legas.

Sharaɗi ɗaya yana fitar da mutane da yawa daga kundin: ma'aikacin kasuwanci ba ya shiga sai idan yaƙin ne sanadin mutuwarsa. Wanda zazzaɓi ya kashe ko ya faɗo daga tsani ba ya ciki. Shi sai a neme shi a rajistar mace-macen teku, BT 334, ko a littafin tafiyar jirgin.

Ita kanta hukumar ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka da mutanen Masar, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam. Rashin suna a dutse ba hujja ba ce a kan mamaci.

Yaya zan san abin da ya sami jirgin?

Da zarar an san sunansa, wannan ne mafi sauƙi. Bayan Italiya ta shiga yaƙi a watan Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, jirage suka koma zagaye Afirka, Freetown ta zama matattara. Ana haɗa jirage ayari-ayari da rakiyar jiragen yaƙi, kowane ayari da harafinsa: SL daga Saliyo zuwa Birtaniya, OS daga Birtaniya zuwa kudu, TS daga Takoradi zuwa Saliyo. Jamusawa sun san haka. A 1941 jirgi mai nutso guda ɗaya, U-107, ya nutsar da jirage 14 a fita ɗaya a wannan yanki. A daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayun 1943, U-515 ya nutsar da jirage bakwai daga ayarin TS 37 dab da Freetown.

Jiragen fasinja da mutanen Legas suka sani ma ba su tsira ba. An nutsar da Accra a watan Yulin 1940, jirgin sama ya jefa wa Apapa bam a watan Nuwamban shekarar, sannan ranar 29 ga Oktoban 1942 aka harbi Abosso yana tafiya shi kaɗai daga Cape Town zuwa Liverpool. Mutum 362 suka halaka, 31 kawai suka tsira.

Shafin uboat.net ya jera jiragen da Jamusawa suka harba, da wurin, da sunayen mutanen da aka sani suna ciki. A Kew kuma, rukunin ADM 199 yana ɗauke da takardun ayari da bayanan da waɗanda suka tsira suka bayar. Ka karanta waɗannan da sanin cewa yawanci kyaftin ko babban jami'i aka yi wa tambaya, fayaman ba a cika jin ta bakinsa ba.

An ce an kama shi fursuna.

BT 373 ne rukunin ma'aikatan da aka kama. Jamus ta tara yawancinsu a sansanin Milag Nord kusa da Bremen. Kwamitin Red Cross na duniya da ke Geneva shi ma yana da katunan fursunoni. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wasu a nan Afirka ta Yamma aka tsare su, a hannun Faransawan gwamnatin Vichy mai haɗa kai da Jamus, a Konakiri da Kankan har da Tumbutu, inda kaburburan ma'aikatan jirgin Birtaniya biyu suke har yau, a bakin hamada.

Namu na yaƙin farko ne, na 1914.

Ya fi wuya, domin katunan rajista na 1913 zuwa 1918 an lalata su. Abin da ya rage: katunan 1918 zuwa 1941, waɗanda asalinsu ke Southampton, kuma na shekarun 1918 zuwa 1921 suna da hoto, katunan lambobin yabo a BT 351, da jerin ma'aikatan jirage na 1915 da aka sa a intanet kyauta, ana nema da suna. Na sauran shekarun, kaso mafi tsoka yana Jami'ar Memorial da ke Newfoundland a Kanada. Lambobin yabo na wannan yaƙin suna da sunan mai su a zane a gefe, saboda haka a juya su a duba.

Ashe soja ne, Bama aka kai shi. Wannan binciken ya shafe mu?

Ya shafe ku, sai dai ƙofar dabam ce. A 1940 aka kwashi sojojin Najeriya da na Gana a jirgi zuwa Kenya, suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha. A 1943 runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi zuwa Indiya, ta 82 ta bi ta a 1944, suka yi yaƙi a Arakan da kwarin Kaladan a ƙasar Bama. Sunayen barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya da Myohaung a Legas duk daga can suka samo asali.

Jerin fasinjojin jirage bai haɗa da sojojin da aka yi jigilarsu ba, saboda haka ba ta jirgi za a bi ba a nan, ta bataliya za a bi. Lambar soja da sunan bataliya suna jikin takardar sallamarsa. Kowace bataliya tana da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum, kuma a nan ake samun ranar hawa jirgi da ranar sauka: WO 173 na Afirka ta Yamma, WO 172 na Indiya da Bama. Da wuya a ambaci ƙaramin soja da suna a ciki, sai dai wanda aka ba lambar jarumta, shi ana samun bayaninsa a WO 373. Waɗanda suka mutu a Bama ba a san kabarinsu ba suna dutsen tunawa na Rangoon. A gida kuma, ofishin ƙungiyar mazan jiya na jiha wuri ne da ya kamata a leƙa.

Mu a Nijar muke, Faransa ya yi wa aiki.

Duk lambobin da aka ambata a sama ba su shafe ku ba. Takardun sojan ruwan Faransa suna hannun sashen tarihi na ma'aikatar tsaronta, a Vincennes da biranen tasha irin su Toulon da Brest. Fayilolin sojojin ƙasa da yawa suna cibiyar da ke Pau. Shafin Mémoire des hommes ya jera waɗanda suka mutu. Tunda Dakar ce hedikwatar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma kuma babbar tasharta, gidan adana takardun Senegal yana da muhimmanci kamar na Yamai. Lambar soja da shekarar ɗauka da wurin ɗauka su ne mabuɗi, kuma suna cikin ɗan littafin soja idan yana nan.

Za mu iya karɓar lambobin yabonsa?

Idan ma'aikacin jirgin kasuwancin Birtaniya ne kuma bai karɓa ba, magajinsa na iya nema. Ba a aika wa kowa da su kai tsaye ba, sai wanda ya nema, shi ya sa da yawa ba su taɓa karɓa ba. A fara duba BT 395. Idan babu sunansa, a rubuta wa ofishin rajistar jirage da ma'aikatansu da ke Cardiff. Iyali ne za su kawo hujja: littafin sallama ko CRS 10, da katunan zirga-zirgar jiragen. Lambar yaƙi ta gama-gari tana buƙatar kwana 28 a teku, tauraron Atlantika kuwa wata shida, bayan an cika sharaɗin tauraron 1939 zuwa 1945. Lambobin yaƙi na biyu ba a zana musu suna ba, don haka wadda aka tsinta a akwati ba ta isa shaida ita kaɗai.

Akwai kuɗi a ciki?

Ka cire rai. Wannan bincike ba ya kai wa ga diyya, kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya fito maka da kuɗin kakanka daga Ingila, ka riƙe aljihunka. Akwai ƙungiyar agaji ta Kwamanwel mai tallafa wa tsoffin sojojin da suka yi aiki kafin 'yancin kai da matan da suka bari, amma tallafin na masu rai ne mabuƙata, ba gadon jikoki ba ne.

Dole sai na je Landan?

A'a. Kundin Kew, da CWGC, da CLIP, da jerin 1915 duk ana duba su daga waya. Abin da ba ya intanet ana iya biya a ɗauko kwafinsa, sai dai kuɗin yana da nauyi idan aka juya shi zuwa naira ko sefa, musamman idan ba ka ba su takamaiman lamba ba. Da ɗan gari akan ci gari: idan kana da ɗan'uwa ko ɗalibi a can, katin shiga ɗakin karatun kyauta ne da shaidar mutum, kuma an yarda ya ɗauki hoton takardu da wayarsa. Ka tura masa cikakkiyar lambar fayil, da lambar jirgi, da shekara, da duk rubuce-rubucen sunan, ka kuma roƙe shi ya ɗauki dukkan shafukan jerin ma'aikatan, ba layin mutum ɗaya kawai ba.

Takarda ta saɓa wa abin da Kaka ta faɗa. Wa za mu gaskata?

A rubuta duka biyun, kowanne da inda aka samo shi. Takarda ta fi ƙarfi a kan kwanan wata da sunan tasha. A kan suna da shekaru da asali kuwa, Kaka ta fi akawu sani. Wani lokacin saɓanin ba saɓani ba ne: ta ce jirginsa ya nutse, takarda ta nuna an sallame shi lafiya, sai daga baya a gano jirgin da ya bari ne ya nutse a tafiya ta gaba da abokansa a ciki.

A shirya kuma wa abin da ba a nema ba. Littafin tafiya na iya nuna ya gudu daga jirgi, ko an ci shi tara. Adireshin da ya bayar na iya zama na wata mata a Liverpool ko Cardiff, inda ma'aikatan jirgi 'yan Afirka da Larabawan Yaman da Somaliyawa suka zauna suka yi aure suka hayayyafa. Idan haka ta fito, a fara kai maganar ga manyan gida kafin a sa ta a Facebook, kuma a ɓoye sunaye da adireshin waɗanda ke raye a can har sai an tuntuɓe su sun amince.